Wa Ke da Lambatun Kano?

A watan Agustan 2022 aka tafka wani ruwa a Kano da ya kutsa kasuwar Kantin Kwari, ya bi ta layi-layi, ya faɗa shaguna da ɗakunan ajiya, ya jiƙa dilolin atamfa da shadda da leshi. Atamfar da ta sha ruwan kwata kuwa, ko ta bushe ta tashi daga sabuwa, sai dai a karyar da ita. 'Yan kasuwa da dama sun ɗora laifin a kan shagunan da aka gina a kan hanyar ruwa, gwamnati ta yi alkawarin ɗaukar mataki, damina ta wuce, magana ta lafa.

Abin lura shi ne, babu wani babban kogi a kusa da Kantin Kwari. Ba madatsa ce ta fashe ba, kamar yadda ta Bagauda ta yi a 1988, ko ta Alau da ta cinye Maiduguri a watan Satumban 2024. Ruwan da ya sauka a kan rufin kwano da kwalta da dandamalin siminti na unguwannin da ke kewaye ne ya taru, ya nemi hanyar fita ya rasa. Wannan irin ambaliyar ita ce wadda birni yake da iko a kanta, domin an san inda ruwan yake fitowa, an san inda ya kamata ya je, an kuma san watan da zai zo. Abin da ya rage shi ne wa zai tsara masa hanya, wa zai biya, wa kuma zai riƙa share hanyar bayan an gina ta. A nan ne lissafin Kano yake kwancewa.

Ruwan da gida ɗaya yake zubarwa

Kano ba garin ruwa ba ce idan aka kwatanta ta da Legas ko Fatakwal. Abin da take samu a shekara bai cika wuce milimita 800 zuwa 900 ba a matsakaici. Sai dai kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, mafi yawa a marka ta watan Agusta, kuma sau da yawa a sa'a ɗaya ko biyu ake zubar da abin da ya isa na mako. Magudana ba ta damu da jimillar shekara ba. Abin da ya dame ta shi ne wannan sa'ar.

A ɗauki fuloti mai ƙafa hamsin-hamsin, irin wanda aka fi yankawa a sababbin unguwanni. Faɗinsa ya kai murabba'in mita 232. In aka yi ruwa mai milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a Agusta, lita 11,600 ce za ta sauka a kan wannan fulotin kaɗai, wato jarkar 'yan garuwa mai lita 25 fiye da 460. A da, lokacin da tsakar gida ƙasa ce, ga bishiyar darbejiya ko mangwaro, ga fili a ƙofar gida, kaso mai yawa na wannan ruwan ƙasa ce ke shanye shi. Yanzu mai gida ya rufe rabin fulotin da kwano, sauran ya malale shi da siminti ko tayil don kada yara su kwaso taɓo, ya fitar da rariya waje. Kusan duk jarkokin nan 460 titi za su fito cikin 'yan mintoci. A ninka wannan da gidajen Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Sheka da Hotoro, a kuma tuna cewa kwatar da za ta karɓe su an haƙa ta ne tun unguwar tana gonaki.

Ba laifin mai gida ba ne shi kaɗai. Babu wanda ya taɓa gaya masa, lokacin da yake neman izinin gini, in ma ya nema, cewa ya bar wani yanki na fulotin ba siminti. A unguwannin awon igiya kuwa, inda mai gona ya yanka gonarsa ya sayar ba tare da hukuma ta shata titi ba, ko wurin da za a haƙa kwatar ba a bari ba.

Kududdufan da aka cike

Tsohon birni yana da nasa tsarin, ko da yake babu injiniyan da ya zana shi. Ƙasar da aka gina badala da gidajen soro da ita daga cikin birnin aka haƙo ta, ramukan da aka bari suka zama kududdufai. Kowace unguwa da nata. Ruwan indararo ya sauka lungu, lungu ya miƙa shi kududdufi, kududdufi ya riƙe shi, wani ya nitse ya ciyar da rijiyoyi, wani rana ta ɗauke, ragowar ya tsiyaya a hankali zuwa rafin Jakara. Kududdufi ba abin ƙauna ba ne: matattarar sauro ne, juji ne, kuma ya ci yara ba adadi. Saboda haka da aka fara cike su da shara da ɓaraguzai ana yanka fulotai, mutanen unguwa da yawa murna suka yi, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Amma aikin da kududdufin yake yi bai tafi tare da shi ba. Abin da injiniyoyi a yau suke kashe maƙudan kuɗi su gina, wato tafkin da zai tare ruwa na 'yan sa'o'i kafin ya sake shi, shi ne Kano ta gada kyauta ta mayar da shi shaguna. Malaman nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero sun daɗe suna rubutu a kan yadda kududdufan birnin suke ɓacewa. A unguwannin Pikine da Guédiawaye na bayan birnin Dakar, irin waɗannan tafkunan aka haƙa aka haɗa su da manyan magudanai, a wani shiri da Bankin Duniya ya tallafa wa tun daga 2012. Su suna haƙawa da bashi, mu muna cikewa da tifa.

A ganina, duk tsarin magudanan Kano da bai fara da ƙirga kududdufan da suka rage ba, ya shata iyakarsu, ya killace su, ya hana ba da takardar mallaka a kansu, to ya bar abu mafi arha ya tafi neman mai tsada.

Ruwa ɗaya, ciyamomi takwas

Ruwan birnin Kano gida biyu yake rabuwa. Na ɓangaren kudu yana gangarawa kogin Challawa. Na tsakiya da arewa yana bin Jakara, wadda ta taso daga cikin birni, ta ratsa ta gefen kasuwar Kurmi, ta fita ta Fagge, ta wuce gadar titin filin jirgi, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, har ta zube a madatsar Wasai da ke ƙaramar hukumar Minjibir. A bakinta masu lambu suke noman latas da kabeji da alayyafo da ruwan da birni ya zubar, kayan kuma su dawo kasuwannin birnin.

Kundin tsarin mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ginawa da kula da tituna da fitilun kan hanya da magudanan ruwa cikin ayyukan ƙananan hukumomi. A takarda ke nan kwata ta ciyaman ce. To amma birnin Kano ƙananan hukumomi takwas ne: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ruwan da ya sauka a gindin Dala ko Goron Dutse ba a nan yake ɓarna ba, a Fagge yake yi. In ciyaman na sama ya gyara kwatocinsa suka yi kyau, abin da ya yi shi ne ya aika wa na ƙasa ruwan da sauri. In na ƙasa ya faɗaɗa tasa, sharar na sama ce za ta toshe ta. Babu ɗayansu da zai iya maganin abin shi kaɗai, ko da yana da kuɗin.

Kuma ba shi da su. Kason ƙananan hukumomi a asusun tarayya kashi 20.60 ne cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Shekara da shekaru kason nan yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda gwamnoni suke da ta cewa, abin da ya isa sakatariya kuma albashi ne yake lashe mafi yawansa. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Ko an aiwatar da hukuncin ɗari bisa ɗari, zai iya gyara kwatar lungu da kwalbatin unguwa ne kawai. Ba zai ba Jakara uba ba.

A matakin jiha ma hannaye sun yi yawa. KNUPDA ke ba da izinin gini da tsara birni. Ma'aikatar ayyuka ke ba da kwangilar titi, kwatar gefensa kuma a cikin kwangilar take. KARMA na gyaran tituna. REMASAB na kwashe shara. Ma'aikatar muhalli na shirya yashe magudanai. Ma'aikatar ƙasa ke ba da fili. Hukumar agajin gaggawa SEMA kuma sai bayan ɓarna take zuwa da buhunan shinkafa da tabarmi da bandir ɗin kwano. Wasu manyan titunan ma na tarayya ne, da kwalbatocinsu. Mutumin da ruwa ya shiga ɗakinsa a kusa da shataletalen Baban Gwari, in ya ce zai kai ƙara, ofishi nawa zai zaga kafin a ce masa "nan ne"? Kowane ofishi yana da gaskiyarsa, don kowanne guntu aka ba shi.

Yadda kasafi yake kallon kwata

Mai karanta kasafin kuɗin kowace jiha a Najeriya zai lura da abu ɗaya: kwata ba ta cika zuwa da ƙafarta ba, jelar titi ce. "Gina titi da magudanar ruwa daga wuri kaza zuwa wuri kaza." Inda kwalta ta ƙare, nan kwata ta ƙare, ko da kuwa a ƙofar gidan wani ne ko a bakin makaranta. Ɗan kwangila ya cika aikinsa, an auna an biya shi. Ruwan da aka tattaro daga kilomita biyu kuma an sauke shi a kan mutanen da a da ba su san ambaliya ba. Kwarin Bulbula da Gayawa, inda zaizayar ƙasa ta ci gidaje, darasi ne a kan abin da ruwan birni yake yi idan aka tara shi aka sake shi a kan ƙasa mai laushi ba tare da an raka shi har mazubarsa ba.

Ƙa'idar aikin a wurin injiniyoyi akasin haka ce. Daga ƙasa ake farawa a hauro. A fara tabbatar da mazuba, a gina babban lambatu, sannan matsakaita, sannan na lungu, kowanne a auna girmansa da faɗin yankin da yake zubo masa da irin ruwan da ake sa ran samu sau ɗaya a shekara 10 ko 25. Wannan yana bukatar taswirar tudu da gangaren birni gaba ɗaya, da bayanan ruwan sama na sa'a-sa'a, da jerin duk kwatocin da ake da su da halin da suke ciki. Aiki ne na ofis wanda ba a yanka masa kirtani, ba a kuma kafa masa allo mai hoton gwamna. Shahararren tsarin raya birnin Kano, wanda Trevallion ya shirya, na shekarun 1963 zuwa 1983 ne, lokacin da mutanen birnin ba su kai rabin miliyan ba. Yau ƙiyasi ya haura miliyan 4.

Aikin Jakara zuwa Kwarin Gogau, wanda jama'a suka fi sani da titin Wuju-Wuju, shi ne yunƙuri mafi girma da aka yi na kama bakin zaren daga babbar magudana. An fara shi a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, da nufin a zuba wa rafin kankare, a rufe shi, a shimfiɗa titi a kai. Gwamnati ta canja, aiki ya tsaya, aka shafe shekara goma ba a kammala ba. Magudanar da aka yi rabinta kuwa wani lokaci ta fi wadda ba a taɓa ba haɗari, domin ruwa yana gudu a inda aka yi kankare, ya zo ya ci karo da inda aka tsaya. Ga kuma tsadar da jinkiri yake jawowa: kwangilar da aka ƙulla lokacin da dala ba ta kai naira 200 ba, ba za a ƙarasa ta da wannan farashin ba bayan dala ta haura 1,000, siminti da rodi sun bi ta.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi wa duk aikin rufe rafi, komai kyansa a ido: wa zai shiga ciki ya yashe, da wane kaya, da kuɗin wa? Buɗaɗɗen lambatu in ya toshe kowa na gani. Rufaffe sai ranar da ya yi amai.

Asabar ɗin ƙarshen wata

Wanda yake son ganin inda kuɗin kula da magudana ya kamata su shiga, ya fito ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, ko ranar da wata ƙungiyar taimakon kai da kai ta kira aikin gayya gab da faɗuwar damina. Samari sun naɗe wando, wasu da takalmin roba, wasu ƙafa ba komai, sun shiga kwata har gwiwa da shebur da manjagara. Abin da suke fitarwa baƙin taɓo ne mai nauyi, rabinsa yashi, a cakuɗe da ledar fiya wata, robar lemo, tsumma, kunzugun jarirai, wani lokaci har da mushen akuya. Suna tara shi tsibi-tsibi a bakin kwatar. Mai unguwa ya zo ya sa albarka, wani mai hali ya aiko da ƙosai da kunu. Zuwa azahar kwata ta yi fes, ruwa na gudu.

Sai a jira motar da za ta kwashe. Kwana uku, mako guda. Tsibin ya bushe, awaki su tone shi, masu adaidaita sahu su bi ta kai, iska ta watsa ledojin. Ruwan farko da ya sauka ya mayar da sauran inda aka ɗebo shi.

Gumin an riga an bayar da shi kyauta. Abin da ya gagara shi ne man tifa da ladan direba da wurin zubarwa, a ranar da aka yi aikin. Wannan kuɗi ne ƙanƙani in aka kwatanta shi da kwangilar titi ɗaya, amma yana cikin kuɗin gudanarwa na yau da kullum, wanda shi ake fara matsewa idan aljihun gwamnati ya yi zafi. An saba cewa mutanenmu ne ba su da tarbiyyar shara, suna jiran hadari ya haɗu su juye kwandon shara a kwata. Haka ne, ana yi. Amma matar da ke lungun da motar shara ba ta taɓa shiga ba, bola mafi kusa kuma an sayar da filinta an gina shago, a faɗa mata inda za ta kai. Kasafin shara da kasafin kwata abu ɗaya ne da aka raba wa ofisoshi biyu. Abin da aka ƙi kashewa a nan kuma ana biyansa a asibiti: a 2021 mutum fiye da 100,000 aka yi zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Inda kuɗin za su fito

Akwai asusun kula da muhalli na tarayya, wanda aka kafa a 1981 don irin waɗannan matsaloli, kuma jihohi da ƙananan hukumomi suna da kasonsu a ciki duk wata. Sunan asusun bai yi kyau ba. Tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye a kan kuɗin wannan asusu kotu ta ɗaure shi a 2018, kafin a yi masa afuwa a 2022. Ko inda ba a yi sata ba, kuɗin sukan narke cikin sauran kuɗin shiga, ba a ware su ba balle a ce ga lambatun da suka gina. Majalisar dokokin jiha tana da ikon ta ce a buga abin da ya shigo da abin da aka yi da shi, layi-layi.

Akwai rancen Bankin Duniya: shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa da aka amince da shi a 2012, da ACReSAL na dala miliyan 700 da aka amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Ibadan ta nuna abin da irin wannan kuɗi zai iya yi wa birni. Bayan ambaliyar rafin Ogunpa ta 1980 an yi ta aikin gyara rafin guntu-guntu, har wata ambaliyar ta sake afka wa garin a ranar 26 ga Agustan 2011. Sai a 2014 jihar Oyo ta samu dala miliyan 200, kuma cikin abin da aka yi da su har da cikakken tsarin magudanan birnin gaba ɗaya, ba gyaran gadoji da madatsar Eleyele kaɗai ba. Sai dai rance yana gini ne, ba ya yashewa. Ranar da shiri ya ƙare, masu ba da shawara suka tattara kwamfutocinsu, tifar nan dai ita za a koma nema.

Kuɗin kula na dindindin daga cikin gari suke fitowa. A yawancin biranen Jamus, da Philadelphia ta Amurka, ana cajin mai gini kuɗin ruwan sama gwargwadon faɗin wurin da ya rufe da rufi ko kankare, wanda ya bar ƙasa ta sha ruwa kuma a rage masa. Ba za a kwafo wannan a ɗora wa mai ɗaki biyu a Kurna ba, mutumin da ko ruwan famfo bai gani ba. Amma manyan kantuna, gidajen mai, rukunin shaguna, wuraren biki da rumbunan ajiya, waɗanda kowannensu ke zubar da ruwan gidaje hamsin, suna cikin rajistar filaye ta KANGIS, suna kuma biyan harajin ƙasa. Ware wani kaso na wannan harajin a asusun da ba a taɓa shi sai don magudana, a ƙarƙashin hukuma ɗaya mai kula da Jakara da Challawa daga tushe har mazuba, ba ya bukatar sabon haraji. 'Yan kasuwannin Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa suna biyan kuɗaɗe iri-iri, kuma da wuya a samu wanda zai ƙi a ce wani kaso na lambatun kasuwarsa ne, in dai zai ga katafila a ciki kafin damina.

Abin da ya fi kankare tsada a cikin tsohon gari shi ne diyya. Ba a faɗaɗa lambatu sai an taɓa gini, kuma da yawa daga gine-ginen da ke kan hanyar ruwa suna da takardu masu hatimin hukuma. Wanda gwamnati ta ba fili a kan magudana, ya biya, ya gina, ba a rushe shi a ce shi kaɗai ne mai laifi. In ba a sa kuɗin diyya a kasafin aiki tun farko ba, aikin zai tsaya a bangon farko da mai shi ya garzaya kotu.

Sai lokaci. NiMet takan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA ta biyo da nata na ambaliya kafin ruwa ya sauka. Aikin kankare da yashe manyan magudanai na rani ne, daga Nuwamba zuwa Mayu. Kasafi kuwa a Janairu yake fara aiki, kafin a tallata kwangila, a tantance, a saki kuɗin somin-taɓi, Yuni ta yi. Shi ya sa ake ganin katafila a cikin lambatu ana tsakiyar marka, tana kwasar taɓo ruwa na mayarwa. Kuɗin yashe na daminar bana a kasafin bara ya kamata su fito, a sake su tun watan Nuwamba.